Ƙanena ya koma shan Kolorado, sau biyu yana faɗuwa: in koya masa kiyaye kansa ko in bari a kai shi gidan mari?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Kano, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce. Ƙanena ɗan shekara 23 yana tuƙa Adaidaita Sahu. Mun daɗe da sanin yana shan wiwi, an yi faɗa an yi nasiha har an gaji. To amma tun bayan Babbar Sallah ya koma wani abu da suke kira Kolorado, kuma na tsinci katin wasu ƙwayoyi a aljihunsa da aka rubuta 225 a jiki. Sau biyu ke nan abokansa suna kawo shi gida ranga-ranga. A karo na biyu ya yi ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, aka kwara masa ruwa, aka ɗura masa madara da manja, aka kulle shi a ɗaki har gari ya waye. Da ya farfaɗo sai ya rantse cewa zuƙa biyu kawai ya yi. Baffanmu ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure shi. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya kuma ta ce in zauna da shi in koya masa yadda zai rage haɗarin abin, tunda ba yau zai bari ba. Ni ina jin kamar hakan ɗaure wa ɓarna gindi ne, ina tsoron Allah ya kama ni da laifin. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, ba ta barci. Me zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya ba mahaifiyarku lafiya, ya shiryi wannan yaro. Zan fara da rantsuwar da ya yi, domin na fahimci ba wanda ya gaskata shi a gidan, alhali ni ina ganin akwai kyakkyawan zaton cewa gaskiya ya faɗa. Zuƙa biyu na Kolorado suna iya kayar da ƙato su jefa shi cikin farfaɗiya, kuma daga dukkan abin da kika rubuto babu jimlar da ta fi wannan tayar mini da hankali.

Kolorado ba irin wiwi ba ce, ko da yake a wurin dila ɗaya ake sayen su kuma a takarda iri ɗaya ake naɗa su. Wiwi ganye ne da ake nomawa. Kolorado kuwa hodar sinadari ce da ake haɗawa a masana'anta, a narkar da ita a cikin ruwan sinadari mai saurin bushewa, sannan a fesa a kan busasshen ganye ko ma wane iri ne, a shanya, a ƙulla a leda. Ganyen ba shi ne ke sa maye ba, abin da aka fesa masa ne. Ki ɗauki misalin matar da ta watsa gishiri a tukunyar miya ba ta juya ba: wani zai ɗebo lami, wani kuma zai ɗebo inda gishirin ya taru. Haka ƙullin Kolorado yake. Ƙanenki zai iya shan naɗi guda jiya ya tashi lafiya, yau ya zuƙi sau biyu daga ledar nan ɗin dai ya faɗi, saboda ya dace da wurin da feshin ya taru. Shi bai san awon ba, dilan da ya sayar masa bai sani ba, kuma wanda ya yi feshin ma bai auna ba.

Asalin waɗannan sinadarai daga ɗakunan bincike ne. Wani masanin haɗa sinadarai a Jami'ar Clemson ta Amurka mai suna John Huffman ya haɗa ɗaruruwansu domin nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar wiwi, ba domin a sha ba. A ƙarshen 2008 masu bincike a Jamus suka gano ɗaya daga cikinsu a cikin wani haɗin ganye da ake sayarwa a kantuna da sunan Spice. Daga nan aka shiga wasan ɓuya tsakanin hukumomi da masu haɗawa: duk wanda doka ta haramta, sai a ɗan sauya tsarin ginin sinadarin a fito da sabo wanda sunansa bai shiga doka ba, kuma sau da yawa sabon ya fi na da ƙarfi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙidaya sabbin abubuwan sa maye irin waɗannan sama da dubu ɗaya da ƙasashe suka ba da rahotonsu. Saboda haka sunan Kolorado ba ya nufin abu ɗaya tabbatacce. Abin da ke cikin ledar bara daban, na bana daban.

Dalilin da ya sa ya fi wiwi illa ba ɓoyayye ba ne. Sinadarin da ke cikin wiwi yana taɓa wasu wurare a ƙwaƙwalwa ya buɗe su rabi-rabi, kamar famfon da aka murɗa kaɗan. Na Kolorado wuraren nan ɗin yake taɓawa, amma yana murɗa famfon har ƙarshe. Daga nan ne ake samun bugun zuciya mai tsanani, da amai, da farfaɗiya, da suma, da gushewar hankali har mutum ya riƙa ganin ana bin sa za a kashe shi, da lalacewar ƙoda a cikin 'yan kwanaki, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki ga matashin da bai taɓa ciwo ba. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan masu shaye-shaye daga ƙasashe da dama ya nuna cewa mai shan irin wannan haɗi ya fi mai shan wiwi yiwuwar a garzaya da shi asibiti kimanin sau talatin. A watan Yulin 2016, a unguwar Buruklin ta birnin New York, mutum 33 suka zube a titi a rana guda daga kaya iri ɗaya. A 2018 kuma, a jihar Ilinoi, aka samu haɗin da aka cakuɗa da maganin ɓera, masu shan sa suka riƙa zubar da jini ta hanci da dasashi da fitsari, wasu suka mutu. Wani abu kuma da ya kamata ki sani tun yanzu: gwajin fitsari na yau da kullum da ake yi don gano mai shan ƙwaya galibi ba ya ganin waɗannan sinadarai. Idan an gwada shi an ce ba a ga komai ba, kada kowa ya saki jiki, kada kuma a koma cewa ai iska ce ta taɓa shi.

Sai katin ƙwayar da kika tsinta. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, a shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokar fitar da taramadol, wanda 'yan ƙwaya ke kira taramol. An yi murna a lokacin, amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kasuwa ta cika da wasu ƙwayoyi masu kama da taramol a kati da launi, masu ɗauke da lambobi irin su 225, waɗanda a cikinsu akwai haɗin tafentadol da karisofurodol. Na farkon ɗan gidan su taramol ne amma ya fi shi ƙarfi, na biyun kuma maganin sassauta jijiyoyi ne da aka janye daga kasuwannin Turai saboda yadda yake kama mutum. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bi sawun irin waɗannan ƙwayoyi daga wani kamfani a Mumbai zuwa titunan Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa, bayan haka ne Indiya ta haramta haɗin. Taramol ɗin da aka yarda a sayar a Nijeriya da takardar likita mai awo 50 ne da 100, don haka duk katin da ya ce 200 ko 225 ko 250 ta bayan fage ya shigo, kuma rubutun jikinsa ba shaida ba ne kan abin da ke ciki. Taramol mai yawa da kansa yana jawo farfaɗiya. Dukkan 'yan gidan nan kuma suna rage numfashi, musamman idan aka haɗa su da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazifam, ko kodin, ko giya. Ƙanenki yana haɗa abin da ke tayar da farfaɗiya da abin da ke kwantar da numfashi, ga shi kuma an kulle shi shi kaɗai a ɗaki har safe. Ki yi wa Allah godiya da kuka same shi da rai.

A Saliyo wani haɗin ganye da ake kira kush ya yi ɓarnar da ta sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024, kuma da aka gwada samfurorinsa sai aka samu waɗannan sinadarai na Kolorado a wasu, a wasu kuma aka samu nitazin, wani ɗan gidan hodar iblis ta heroyin wanda ɗan mitsitsinsa ke tsayar da numfashi. Na kawo wannan ne domin ki san cewa ganyen da aka naɗa a takarda ma yana iya ɗauke da abin da ke kashewa ta hanyar numfashi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi. Maƙwabciyarki tana da gaskiya, kuma ina ba ki shawarar ki riƙe ta da kyau. Ɗaure wa ɓarna gindi shi ne ki ba shi kuɗin saye, ko ki ɓoye masa kaya, ko ki ce masa abin ba laifi ba ne. Ba wanda ya nemi ki yi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake nema shi ne, tsakanin yau da ranar da Allah zai sa ya bari, kada ya mutu, kada ƙodarsa ta lalace, kada ya kashe fasinja. Mun sani cewa duk faɗa da nasihar da aka daɗe ana yi ba su raba shi da wiwi ba, don haka ba hikima ba ce mu gina dukkan shirinmu a kan cewa zai bar Kolorado a makon nan. Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa idan cuta biyu suka haɗu kuma ba makawa sai ɗaya ta auku, ana kauce wa babbar da ƙaramar. Ya kuma tabbata cewa an taɓa kawo wani mashayin giya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hukunta shi, da wani ya yi masa mugun baki sai Annabi ya hana, ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Tuba ta mai rai ce. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa tambayar kamar yadda take, wato ko ya halatta ki koya wa ƙanenki abin da zai hana shi mutuwa alhali kina ci gaba da hana shi shan.

Wurin da za ki fara shi ne gidanku, tun kafin ki yi magana da shi, domin abin da aka yi masa a daren nan da kyakkyawar niyya yana iya zama ajalinsa. Wanda ya suma ko yake fizge-fizge ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, saboda haka madara da manjan da aka ɗura masa suna iya bi ta hanyar iska su sauka a huhu, kuma manja a huhu ciwo ne mai wuyar magani. Madara ba ta karya ƙarfin ƙwaya, manja ba ya karyawa, ruwan tsami da gishiri ba sa karyawa. Kada a sa masa komai a baki, ko cokali ne don gudun cizon harshe, kada a danne shi, kada a tura masa yatsa don ya yi amai. Idan yana farfaɗiya, a janye abubuwan da za su ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Da ta lafa sai a juya shi ya kwanta a gefensa, a lanƙwasa ƙafarsa ta sama don kada ya birkice, a ɗan ɗaga haɓarsa, ta yadda ko ya yi amai zai zubo waje. Farfaɗiyar da ta wuce minti biyar, ko wadda ta dawo kafin ya farfaɗo, ta asibiti ce nan take. A gaskiya ma duk faɗuwa irin wannan ta asibiti ce, ko da ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, domin ciwon ƙoda ba ya nuna kansa a ranar farko. Idan kika ji ya ce fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada a jira.

Abin da ya fi yaudarar iyali shi ne minshari. Ana jin mutum yana jan minshari mai nauyi sai a ce a bar shi ya yi barci abin ya sake shi, alhali wannan gurnanin sau da yawa alamar numfashi ne ke ƙoƙarin tsayawa. Ki kira sunansa da ƙarfi, ki murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunki. Idan bai motsa ba, ki dubi ƙirjinsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Numfashin da ya gaza goma, ko mai tsayawa yana dawowa, tare da tsakiyar baƙin ido da ta tsuke kamar kan allura, da cikin leɓe ko ƙasan farce da suka koma toka-toka, alamu ne cewa ƙwayar ta danne numfashinsa kuma mintuna ne suka rage. A nan ana kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki kusan kowane daƙiƙa biyar, ana yi ana neman mota. Ki roƙi maƙwabciyarki ta zo gida ta gwada muku wannan da hannu, da yadda ake danna ƙirji idan numfashi ya tsaya gaba ɗaya, ke da duk wani babba da ke kwana a gidan. Ki tanadi lambar mai mota ko mai babur ɗin da zai tashi ko ƙarfe biyun dare ne, ki kuma tafi da katin ƙwayar ko ragowar ledar, ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Iyalai da yawa sukan ce zazzaɓi ne ya hau masa kai saboda kunya, likita ya ɓata lokaci yana neman abin da ba shi ne ba.

Akwai allura mai suna nalokson wadda ke dawo da numfashin da taramol, tafentadol, kodin ko nitazin suka danne, cikin mintuna kaɗan. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samar da ita ga mutanen da ake zaton abin zai faru a gabansu, wato iyalai da abokan masu shan. Ki tambayi maƙwabciyarki ko likitan da zai duba shi yadda za a same ta da yadda ake yin ta. Amma ki san iyakarta: ba ta aiki a kan sinadarin Kolorado, ba ta aiki a kan roci da diyazifam, kuma ƙarfinta yana gushewa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, alhali ƙwayar tana nan a jiki. Wanda aka yi wa ya farka, asibiti ya nufa, ba shimfiɗarsa ba.

Sai zama da shi. Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, da safe bayan ya ci abinci, ku biyu kawai, ba a gaban ƙannensa ko matan gida ba. Kada ki fara da cewa ya kunyata gidan, ya riga ya ji wannan sau ɗari kuma bai hana shi komai ba. Ki fara da cewa kin yarda zuƙa biyu ya yi, sannan ki yi masa bayanin miyar da ba a juya ba. Mai shaye-shaye yakan ɗauki kansa gwani, yana ganin ya san awonsa, kuma mai yiwuwa shi kansa faɗuwar nan ta tsorata shi fiye da yadda yake nunawa. Ki gaya masa a fili cewa burinki ya bar komai, ba za ki taɓa janye wannan ba, amma akwai alkawuran da kike so ya ɗaukar miki tun yau. Mafi girmansu shi ne ya rabu da Kolorado da duk wani ganye da aka yi wa feshi, ko da bai iya rabuwa da sauran ba tukuna. Ba ina wanke wiwi ba ne, ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwar matasa kuma haramun ce a addini da doka, sai dai ba ta kayar da mutum da zuƙa biyu. Sai kuma kada ya haɗa abu biyu a rana ɗaya, musamman ƙwayar nan da roci ko kodin ko giya. Kada ya sha shi kaɗai a kango ko a ɗaki a kulle. Idan kaya sabo ne, ko dila sabo ne, ko katin ya sauya kama, ya ɗauka cewa bai san abin da ke hannunsa ba, kada ya yi masa shan da ya saba. Waɗannan maganganu suna da ɗaci a bakin yaya, na sani, kuma za ki ji kamar harshenki ba zai iya furta su ba.

A kan abu ɗaya kuwa ba na son ki yi sassauci ko kaɗan, shi ne tuƙi. Yana ɗaukar matan mutane da 'yan makaranta a bayansa, kuma farfaɗiya ba ta sallama kafin ta zo. Wanda ya yi farfaɗiya kwanan nan bai kamata ya hau titi da fasinja ba sai likita ya duba shi ya yarda. Idan ya ƙi ji, mai babur ɗin yana da haƙƙin ya sani, kuma ki gaya wa ƙanenki tun da wuri cewa za ki faɗa, kada ya ji daga baya ya ce kin ci amanarsa. Ki kuma tambaye shi abin da ya sa yake shan ƙwayar, domin da yawa daga masu wannan sana'a suna sha ne don su jure zama a kan babur daga asuba zuwa dare su cika kuɗin balas. Idan haka ne, maganar bashi da ciwon baya da rashin barci tana cikin maganin.

Game da shawarar Baffa, ina ganin damuwarsa gaskiya ce amma hanyar ba ta ɓullewa. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma a makonnin da suka biyo baya aka buɗe wasu a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Ko da an dace da gidan da ba a duka, akwai haɗari biyu da mari ba ya maganinsu. Idan jikinsa ya saba da roci, diyazifam ko karisofurodol, yanke su rana ɗaya yana iya jawo farfaɗiya mai kisa, sai an riƙa ragewa sannu a hankali a hannun likita. Na biyun ya fi wannan ɓoyuwa. Wanda aka tsare wata uku ba ya sha, jikinsa yana mance sabon da ya yi, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta mance awon da ya saba sha ba. Ranar da ya fito ya koma wa wancan awon, shi ne zai iya kashe shi. An daɗe da tabbatar da cewa makonni biyu na farko bayan fitowa daga kurkuku suna cikin lokutan da masu shan irin waɗannan ƙwayoyi suka fi mutuwa. Wannan hukunci ya shafi wanda ya kame a watan azumi ya ce zai rama ranar Sallah, don haka ki tuna masa idan lokacin ya zo.

Kada ki tunkari Baffa da gardama a gaban mutane, shi ne uba a yanzu kuma kina bukatarsa. Ki same shi ke da mahaifiyarku, ki ce masa kin goyi bayan a ɗauki mataki mai ƙarfi, sai dai kina roƙon a fara da asibiti, kuma shi kike so ya jagoranci tafiyar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Dawanau nan Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, haka kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen masu wannan lalura. Zuwa can ba ya nufin an ce mahaukaci ne. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da layin kira kyauta na neman shawara, 0800 1020 3040, inda ake magana da masu ba da shawara ba tare da an tilasta wa mai kira bayyana kansa ba. Addu'a da ruƙiyya kuwa ba wanda ya ce a bari, a haɗa su da magani. Idan kunyar unguwa ce ke damun Baffa, ki gaya masa cewa binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya a shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano. Da wuya a samu layin da abin bai shiga ba. Ki kuma shirya ranku cewa zai iya bari ya koma, ya sake bari ya sake komawa, wannan sananne ne a wannan ciwo, kuma komawar ba ta nufin maganin ya tashi a banza.

Ke ma kina da iyaka. Kada ki ba shi tsabar kuɗi. Idan abinci ne ki ba shi abinci, idan magani ne ki biya da kanki. Kada a bar ƙwayar inda yara za su kai hannu, domin ƙwaya ɗaya irin wannan tana iya kashe ƙaramin yaro. Idan ya fara zare ido yana barazana ko ya ɗauki makami, a fitar da mahaifiyarku da yara, a kira maza, a yi magana da shi a hankali ba tare da an yi masa taron dangi ba, a kai shi asibiti. Ki sanar da maigidanki halin da ake ciki tun kafin wata rana ki bukaci fita da tsakar dare. Mahaifiyarku kuma a tabbata tana shan maganin hawan jininta, kuma kada a bar mata gadin dare ita kaɗai.

Akwai mutanen da ba ki ambace su ba sai a jimla ɗaya, wato abokan da suka ɗauko shi suka kawo shi gida har sau biyu. Na san a idon gidanku su ne suka lalata shi, wataƙila ma an kore su da zagi a ƙofar gida. Amma da yawa a irin wannan hali gudu suke yi su bar mutum a kango saboda tsoron kamu, waɗannan kuwa ba su gudu ba. Idan abin zai sake faruwa, a gabansu zai faru, ba a gabanki ba. Ki nemi mafi hankali a cikinsu, ki yi masa godiya, ki karɓi lambarsa ki ba shi taki. Ki koya masa kwantarwa a gefe da ƙirga numfashi, ki ce masa kada a ɗura komai, kuma idan ya sake faɗuwa kada su ɓata lokaci wajen kawo shi gida, su wuce da shi asibiti kai tsaye su kira ki a hanya, ke za ki same su a can da kuɗin kati.